Kare da Hanyar Ƙafa a Tarihin Ƙasar Ingila

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai al'adar fita yawon ƙafa a karkara ranakun hutu, inda mutum kan saɓa jakarsa ya bi tuddai da gefen gonaki, sau da yawa karensa na biye da shi. Kafin ya fita kuwa sai ya bincika hanyar da aka yarda a bi da kare. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wannan bincike, domin a nuna cewa tun fil azal maganar inda kare zai taka a Ingila magana ce ta mallakar ƙasa da namun dajin da ke cikinta.

2.0 Zamanin Dokar Daji

Bayan da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sai ya keɓe manyan dazuzzuka domin farautar sarki, cikinsu har da New Forest wanda aka kafa wajen 1079. Talakan da ke zaune cikin irin wannan gandu an bar shi ya ajiye karen gadi, amma da sharaɗin a datse farata uku na ƙafarsa ta gaba, don kada ya iya cin barewa da gudu. Yarjejeniyar Daji ta 1217, wadda ta sassauta dokoki da dama, ba ta soke wannan ba. Abin da ta yi shi ne ƙayyade binciken karnuka sau ɗaya cikin shekara uku, da tarar sule 3 ga wanda bai datse wa nasa ba.

Daga bisani sai ikon ya sauko daga hannun sarki zuwa na masu ƙasa. Wajen 1390, watau 'yan shekaru bayan boren manoma na 1381, Majalisa ta hana duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa sule 40 a shekara ajiye karen farauta, hukuncinsa kuwa ɗaurin shekara guda. Hujjar da aka kafa ita ce wai talakawa na fakewa da farauta suna ƙulla makirci. Dokar 1671 ta ɗaga ma'aunin zuwa fam 100, ta kuma ba masu gadin gandu ikon ƙwace karnuka da bindigogi da taruna. Sai a 1831 aka soke wannan sharaɗi na dukiya.

3.0 Shinge da Bore

Tsakanin 1750 da 1850 Majalisa ta zartar da dubban dokoki na killace filayen gayya, inda a da kowa ke kiwo da itace. A arewacin ƙasar attajirai suka mayar da tuddai wurin harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, wanda ke yin sheƙarsa a ƙasa. A idon mai gadi babu abokin gaban wannan tsuntsu kamar kare sakakke, saboda haka ya kori karen, ya kori mai shi.

A daidai wannan zamani ne kuma masana'antu suka cika birane kamar Manchesta da Shefil da ma'aikata, waɗanda ke hango tuddan daga cikin hayaƙi ba su da ikon hawa. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, mutane kimanin 400, bisa jagorancin wani saurayi mai suna Benny Rothman, suka haye tudun Kinder Scout da gangan, har suka yi arangama da masu gadi. An ɗaure biyar daga cikinsu, daga wata 2 zuwa wata 6. Tsananin hukuncin ya jawo musu tausayin jama'a. A 1949 aka yi dokar da ta kafa gandayen ƙasa, ta kuma umarci ƙananan hukumomi su zana kowace hanyar ƙafa a taswira ta hukuma. Gandun Peak District ne na farko, a 1951, sa'an nan aka buɗe doguwar hanyar Pennine Way, mai tsawon fiye da mil 260, a 1965.

Irin wannan hanya ta fi kusa da abin da Bahaushe ke kira burtali: gona ta mai gona ce, amma wucewa hakkin jama'a ne. Mai wucewa kuwa yana iya tafiya da karensa, muddin bai bari ya kauce daga turba ba.

4.0 Igiya a Matsayin Sulhu

To, amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Tuddan da aka buɗe makiyayar tumaki ce, kuma karen birni da bai san dabba ba, ko bai yi cizo ba, korar da zai yi wa tunkiya mai ciki na iya sa ta yi ɓari. Saboda haka a 1953 aka mayar da firgita dabbobi laifi a kan mai kare, a 1971 kuma doka ta ba makiyayi kariya idan ya kashe karen da ya auka wa garkensa alhali babu wata hanyar hana shi.

Dokar shekarar 2000 ta Ingila da Welis, wadda ta halatta yawo a tuddai da filayen gayya ba tare da bin turba ba, ita ce ta fayyace sulhun dalla-dalla. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke kwanci a ƙasa, tilas kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba. Haka kuma a kowane lokaci idan akwai dabbobi kusa. Bugu da ƙari, mai filin harbin tsuntsaye na iya hana karnuka shiga har tsawon shekara 5, mai tumaki kuma na iya rufe filin haihuwarsu na mako 6. Wuri guda ne hukuma ke ba da shawarar a saki igiya, watau idan shanu suka taso wa mutum, domin karen suke nema, shi kuwa ya fi ubangidansa gudu.

Wannan ne dalilin da ya sa mai kare a yau ke duba taswira da alamomin bakin ƙofa kafin ya kama hanya, har ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, take auna wurarenta da hoton sawun kare, daga ɗaya zuwa uku, gwargwadon tanadin da aka yi masa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda matsayin kare ya yi ta sauyawa tare da na ubangidansa: an datse masa farce a zamanin sarakuna, an ƙwace shi a zamanin masu ƙasa, an ɗaura masa igiya a zamanin da talaka ya sami bakin magana. Har yanzu yawancin ƙasar Ingila tana rufe ga mai yawo, kuma tsuntsun da ya sa aka kori ma'aikatan Manchesta a 1932 yana iya sa a hana kare shiga tudu a yau. Abin da ya sauya shi ne, a yanzu an rubuta iyakar kowa, makiyayi da maharbi da mai kare, a cikin doka ɗaya.