Ƙara wa tsohuwar bashe 504 ƙarfi: abin da ya kamata a sani kafin a sauya inji

Duk wanda ya taɓa zuwa tasha ranar kasuwa ya san bashe: buhunan hatsi a ƙasa, awaki a gefe, mutane a sama. Da yawa cikin waɗannan motoci sun girme direbobinsu. In ɗa ko ƙane ya aiko kuɗi daga waje, shawarar da ake fara yankewa ita ce a sa mata inji mai ƙarfi. Shi ya sa muka tattaro muku wannan bayani.

Asalin motar

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960, sannan 504 a 1968. Samfurin 504 mai buɗaɗɗen baya ya zo a 1979. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta daɗe tana haɗa 504, shi ne dalilin da ya sa kayan gyaranta ba su da wuyar samu daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. Akwai mai shan isansi, akwai mai gazuwal. Injin gazuwal mai lita 2,3 yana ba da doki kusan 70. Wanda masu gyara suka fi kwaɗayi shi ne na 505 mai lita 2,5 da turbo, mai doki wajen 95.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Ƙarfin inji ba ya faɗawa kan taya kai tsaye. Yana bi ta ambiriyaji, wato kuloci, ya shiga bwat inda ake sauya gudu, ya bi sandar da ke juyawa ƙarƙashin mota, ya isa pon na baya, daga nan ya rabu zuwa tayoyi biyu. Kowane ɗaya an ƙera shi daidai da ƙarfin injin asali. In aka ƙara doki 25 ba a taɓa sauran ba, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara mutuwa, kuma sau da yawa a tsakiyar daji yake mutuwa, mota cike da kaya.

Ambiriyaji da bwat

A sayi inji tare da ambiriyajinsa da bwat ɗinsa, daga mota guda. Ya fi sauƙi da a zo ana huda ƙarfe ana walda don a haɗa abin da bai dace ba. Tsohon faifai ba ya riƙe ƙarfin turbo: za ka ji inji na kuka, mota ba ta gaba, ga warin ƙuna. Bwat mai gudu biyar tana da amfani ga mai bin kwalta, kamar hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, domin gudu na biyar yana rage juyin inji, ya rage shan mai. Amma tsawonta na iya bambanta da na tsohuwar, sai an daidaita sanda da mazaunin bwat. Sandar da aka yanke aka liƙa ba a auna ta ba, girgiza za ta riƙa yi har ta ci bwat da pon.

Pon: gudu ko jan kaya

Cikin pon akwai haƙora biyu, ƙarami da babba. A ƙirga su a raba. Misali, in babba na da 37, ƙarami na da 9, sanda za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. In lambar ta yi sama, mota na jan kaya da fita cikin rairayi, amma ba ta gudu. In ta yi ƙasa, tana gudu bisa kwalta, amma da lodi tashi zai yi mata wuya, ambiriyaji ya sha wahala. Ba a samun biyun gaba ɗaya. Mai zuwa kasuwannin ƙauye da mai jigila tsakanin birane ba pon ɗaya ya dace da su ba.

Abin da ake mantawa

Na farko, burki. Injin isansi da kansa yake zuƙo iskar da ke taimaka wa ƙafar direba wajen taka burki. Na gazuwal ba ya yin haka, sai da ɗan famfo na musamman. In makanike bai haɗa shi ba, burki zai yi tauri kamar dutse. Ku kuma riƙe wannan lissafi: in gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ninka huɗu.

Na biyu, zafi. A watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40. Babban inji da ƙaramin radiyata, ƙarshensu tafasa da ƙonewar kan inji.

Na uku, nauyi. Injin gazuwal ya fi nauyi, yana son batir babba da ƙafafun gaba masu lafiya.

Na huɗu, takardu. Kartigiris na nuna irin man da mota ke sha da ƙarfinta. In an sauya, a je a gyara takarda, kada a samu matsala da jandarma ko da masu asirans ranar da tsautsayi ya faru.

Ga masu aiko kuɗi

Kuɗin inji kashi ɗaya ne kawai na aikin. Kafin ku aiko, ku nemi makanike ya rubuta muku lissafin komai: ambiriyaji, bwat, sanda, radiyata, burki, tayoyi da kuɗin hannu. In kuɗin bai kai ba, a fara da burki da taya, inji ya jira baɗi. Waɗanda ke zaune bayan bashe iyayenmu ne da ƴaƴanmu. Allah ya kai kowa gida lafiya.