Zaɓen Ƙarfin Batir Domin Tayar da Inji: Darasi daga Motocin Tsere ga Makanikan Safo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da ke sa a zaɓi batir mai bolt 12, ko 16, ko 24 domin tayar da inji, ta hanyar kwatanta motocin tseren gajeren zango na Amurka da motocin da ake aiki da su a Safo, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. Ta nuna cewa nauyin inji da tsarin wutar mota su ne ke yanke hukuncin bolt ɗin da ya dace, kuma ƙarin bolt da ke amfanar mai tsere yana iya jawo wa direban karkara asara.

1.0 Gabatarwa

Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar lantarki cikin waya, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudana, idan aka ninka su biyun sai a sami wat, wato ma'aunin aikin da na'ura ke yi. Batir mai dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, ɗakuna ne a jere, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, saboda haka mai ɗaki shida da ake kira bolt 12 yakan nuna 12.6 idan ya cika. Tun da aka sanya sitata, wato ƙaramin injin lantarki mai juya babban inji har ya kama, a motar Cadillac a 1912, motoci suka daɗe a kan bolt 6, sai a shekarun 1950 aka koma 12 saboda injuna sun ƙara matsi.

2.0 Hujjar Masu Tsere

A tseren gajeren zango, wanda ƙungiyar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ke shiryawa, motoci biyu kan fafata a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, ajin da ya fi sauri kuma an rage masa zuwa mita 305 tun 2008, inda ake gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu. Da yawa daga cikin masu wannan tsere sukan cire dinamo, wato na'urar da ke cajin batir yayin da inji ke aiki, domin rage nauyi da kuma ƙarfin da take ci, wanda hakan ke barin batir shi kaɗai ya ciyar da filogi da famfon mai. Wannan ne ya sa suke amfani da batir mai ɗaki takwas, mai bolt 16, wanda ke juya inji mai tsananin matsi da sauri, kuma ko ya ragu ba ya faɗuwa ƙasa da abin da filogi ke buƙata. Sharaɗin da ya halatta wannan zaɓi shi ne injin ba ya aiki sai na ɗan lokaci, sannan a mayar da batir kan caja ta musamman kafin zagaye na gaba.

3.0 Yanayin Safo

Safo tana kudu da birnin Maraɗi, a yankin Gulbin Maraɗi, ba nesa da hanyar da ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ba, inda babura da ƙananan motoci masu bolt 12 ke gogayya da manyan motocin kaya masu gas, waɗanda galibinsu masu bolt 24 ne. Injin gas yana kamawa ne da zafin matsi kawai, ba tare da filogi mai tartsatsi ba, don haka juya shi ya fi na fetur wuya ƙwarai. Sitata mai cin wat 2,400 za ta ja amfiya 200 a bolt 12, amma 100 kacal a bolt 24, kuma tun da asarar wuta cikin waya tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da amfiya ta ninku sau biyu, wayar da ke zubar da wat 200 a tsarin farko wat 50 za ta zubar a na biyu. Ana samun bolt 24 ne ta haɗa batir biyu a jere, kan ƙari na ɗaya da kan ragi na ɗayan, haɗin gefe da gefe kuwa amfiya yake ƙarawa, bolt na nan yadda yake.

Zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana ƙafar da ruwan batir tare da cinye farantan dalma, sai raunin ya bayyana a safiyar hunturu lokacin da man inji ya yi kauri. Mai gaggawa yakan ɗauka ƙarancin bolt ne, ya jona batir biyu a jere kan mota mai bolt 12, injin ya tashi, amma ƙwayayen fitila da sitata da kwamfutar mota su ƙone, wato garin neman gira a rasa ido. Haka nan jan bolt 12 daga batir ɗaya na babbar mota domin rediyo ko cajin waya yana sa ɗaya ya kasa cika, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, har su lalace tare.

4.0 Kammalawa

Abin da ya dace makanikin Safo ya ɗauka daga masu tsere shi ne kulawarsu da waya mai kauri, gajera, da kawunan batir masu tsabta, ba ƙarin bolt ba. Gwajin da ya kamata a fara yi shi ne auna batir yayin da sitata ke juyawa: idan mai bolt 12 ya faɗi ƙasa da 9.6 to ya raunana, idan kuma bai faɗi ba amma inji yana nauyin juyawa, sai a duba waya da tsatsar kawuna kafin a sayi sabo. Dinamo mai lafiya kan ba da bolt 13.8 zuwa 14.4, wanda bai isa ya cika batir mai bolt 16 ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar cewa batir ɗin tsere ba shi da gurbi a motar da ke jigilar gero daga Safo zuwa kasuwar Maraɗi.