MAJAMI'AR WUSASA: TARIHINTA DA GININTA



Abin da za mu duba a yau shi ne yadda ɗakin ibadar da baƙi suka gina a ƙauye yake zama shaida a kan tarihinsu. Mutumin da ya bar garinsu yakan yi haƙuri da kowane irin masauki, amma in ya zo gina wurin da zai bauta wa Ubangijinsa, to, a nan ne yake nuna ko shi wane ne.

Bari mu fara da misali daga nesa. A tsakiyar ƙarni na 19 manoma 'yan Katolika daga Bohemiya, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Cek, suka yi ƙaura zuwa Amurka. A ƙauyen Spillville na jihar Iowa suka gina majami'a da dutse a 1860, suka sa mata sunan Wenceslaus, waliyyin ƙasarsu, kuma a cikinta ne shahararren mawaƙinsu Antonin Dvorak ya riƙa kaɗa molon coci a 1893. A jihar Texas kuwa wasu suka raɗa wa ƙauyensu suna Praha, wato sunan babban birninsu, suka gama majami'arsu a 1895, aka ƙawata rufinta da zane. Dutsen na Amurka ne, amma fasali da suna duk daga gida aka zo da su.

To, a ƙasar Hausa akwai majami'ar ƙauye wadda ita ma 'yan ƙaura suka taru a cikinta, sai dai labarinta ya sha bamban. Ita ce majami'ar Saint Bartholomew ta ɗariƙar Angilika da ke Wusasa, a gefen birnin Zariya.

Jama'arta ta samo asali daga tushe biyu. Na farko shi ne 'yan mishan na ƙungiyar C.M.S. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu Babba ya umarce su da su fita. Daga bisani, a 1905, Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Tushe na biyu shi ne mutanen da ake kira Isawa, almajiran wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a cikin karantarwarsa. An kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa suka watsu cikin ƙauyuka har zuwa ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi, amma ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya hallaka mutane da yawa. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa, a nan ragowar waɗannan jama'a suka haɗu, aka gina majami'ar, a lokacin da Guy Bullen yake jagorancin aikin.

Yanzu sai mu dubi ginin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ko Ajingi, ya saba da zauren hakimi da soron attajiri, in ya shiga wannan majami'a ba zai ji baƙunta ba, domin magina Hausawa ne suka yi ta da ƙasa, bisa ga fasahar da suka gada. Hanyar kuwa sananniya ce. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya shi, sa'an nan a jera shi, gindin bango da kauri, yana sirancewa yayin da yake tashi. Wahalar tana wajen rufi, domin azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2. Dabarar magina ita ce bakan gizo: a dasa azara cikin bango daga kowane ɓangare, a riƙa ɗaura wata bisa wata tana sunkuyowa, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Da haka ake samun ɗaki mai faɗi wanda zai ɗauki taro. Wannan ita ce fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta ƙoli a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu.

A nan ne bambancin yake. Manoman Cek addininsu na gado ne, ƙasar ce baƙuwa, saboda haka suka gina abin da zai tuna musu da gida. Mutanen Wusasa kuwa ƙasar tasu ce, addinin ne ake ɗauka na Turawa, saboda haka ginin nasu yake cewa sauya addini bai fitar da su daga Hausa ba. Haka ma fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa, wadda Miller ya yi wa aiki mai yawa, aka buga a 1932. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, kuma a Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Sauran magana guda. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, in an yi sakaci shekaru kaɗan sai ya zube. Siminti da kwano sun janye matasa daga sana'ar iyayensu, alhali kuwa in maginin da ya iya bakan gizo ya ƙare, kuɗi ba za su tsayar da masallaci ko majami'a ko soron fada ba. Saboda haka ina kira ga ɗalibai da su auna tsofaffin gine-ginen garuruwansu, su rubuta abin da tsofaffin magina suka sani tun suna da rai. Ma'aikata kuma, musamman na ƙananan hukumomi, su yi tunani kafin su sa hannu a rushe tsohon gini, domin abin da aka rushe da safiya guda ba ya komowa.