Tarihin Sharhin Siyasa na Masu Ra'ayin Riƙau a Amurka

Sharhin siyasa na masu ra'ayin riƙau a Amurka wani salon rubutu da magana ne da ya kafu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya faro daga mujallu, ya bi ta rediyo ya isa talabijin. Batutuwa uku ne ba ya rabuwa da su: kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa, almundahana, da sahihancin zaɓe. Masu yinsa suna ganin ukun abu guda ne. A wurinsu, idan gwamnati ta kumbura dukiya takan taru a hannun 'yan siyasa, inda dukiya ta taru ba a rasa masu wawura, wanda ya wawura kuma da ita zai nemi ƙuri'a.

Tushen abin yana cikin adawa da shirye-shiryen tallafi da ayyukan gwamnati da Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar daga 1933. Sai dai masu adawar a warwatse suke, har zuwa Nuwamban 1955 lokacin da William F. Buckley, yana ɗan shekara 29, ya kafa mujallar National Review. Buckley ya tara masu kare kasuwa, da masu kishin addini da al'ada, da masu gaba da kwaminisanci a inuwa ɗaya. Ya kuma riƙe ƙofa. A 1962 ya fito fili ya soki Robert Welch, jagoran ƙungiyar John Birch, wanda ya taɓa zargin Shugaba Eisenhower da yi wa 'yan kwaminisanci aiki. A wancan zamani edita guda yana iya cewa wannan magana ta wuce gona da iri, kuma a saurare shi.

Ƙorafin maguɗi ma tsoho ne. A zaɓen 1960 John Kennedy ya ci jihar Illinois da ƙasa da ƙuri'a 9,000, kuma 'yan Republican da yawa sun yi imanin cewa mutanen magajin garin Chicago, Richard Daley, sun yi aringizo. Richard Nixon, wanda ya yi takara da Kennedy, bai kai ƙara da kansa ba, amma labarin ya zauna, ana ta maimaita shi shekara da shekaru. A 1964 Sanata Barry Goldwater na Arizona, gwanin wannan ɓangare, ya sha mugun kaye a zaɓen shugaban ƙasa, jihohi 6 kacal ya samu. Abin da ya rage daga yaƙin neman zaɓen shi ne jawabin da wani ɗan fim, Ronald Reagan, ya yi a talabijin ranar 27 ga Oktoba, inda ya yi ta lissafa almubazzarancin gwamnati dala bayan dala. Wannan salon, na ɗauko misali guda mai ban haushi a kafa hujja da shi, shi ne ya zama jinin sharhin har yau.

Shekarun 1970 sun kawo cibiyoyi da kuɗi. An kafa Gidauniyar Heritage a 1973, shafin ra'ayi na jaridar Wall Street Journal a ƙarƙashin Robert Bartley ya zama dandalin masu neman rage haraji, sannan a Yunin 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da ƙudurin da ya taƙaita harajin gidaje da filaye zuwa kashi 1 cikin 100 na darajarsu. Reagan ya hau mulki a 1981. A nan ne giɓin da ke tsakanin faɗa da cikawa ya fara bayyana: an rage haraji, an ƙara kuɗin soja, ba a taɓa manyan shirye-shiryen fansho da lafiyar tsofaffi sosai ba, bashin ƙasa kuwa ya kusa ninkawa uku cikin shekara 8. Masu sharhi sun fi ɗora laifin a kan majalisar wakilai da 'yan Democrat ke riƙe da ita. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan duka ba, domin shugaban ne ke sa hannu a dokokin kasafin.

Daga wannan lokaci hankali ya karkata ga ƙananan ayyukan da 'yan majalisa ke cusawa cikin kasafi domin mazaɓunsu, irin abin da mai karatu a Nijeriya ya sani da ayyukan mazaɓu. A 1984 attajiri J. Peter Grace da ɗan jarida Jack Anderson suka kafa ƙungiyar Citizens Against Government Waste, wadda ta shahara da fitar da jerin irin waɗannan ayyuka kowace shekara. Grover Norquist kuma ya fito da takardar alkawari a 1986, wadda ɗan takara zai sa wa hannu cewa ba zai ƙara haraji ba. George Bush babba ya yi irin wannan alkawari da bakinsa a 1988, ya karya shi a 1990, masu sharhin ɓangarensa suka yi masa ca, ya faɗi zaɓe a 1992.

Babban sauyi daga rediyo ya zo. Tun 1949 akwai ƙa'idar da ta tilasta wa tashoshi su ba ɓangarori mabambanta dama a kan batutuwan da ake taƙaddama. Hukumar sadarwa ta soke ta a 1987, kuma a Agustan 1988 Rush Limbaugh ya fara shirinsa da ake ji a faɗin ƙasa. Ba muhawarar malamai yake yi irin ta Buckley ba. Zolaya ce da habaici da kiran waya, ga direba a mota da mai shago a bakin aiki. Badaƙalar bankin majalisar wakilai ta 1992, inda aka gano ɗaruruwan 'yan majalisa na da da na lokacin sun riƙa rubuta cek fiye da abin da ke asusunsu ba tare da tara ba, ta ba shi abin faɗa. A 1994 'yan Republican suka ƙwace majalisar karon farko cikin shekara 40, sabbin wakilan suka naɗa Limbaugh ɗan ajinsu na girmamawa. Tashar Fox News ta Rupert Murdoch ta biyo baya a Oktoban 1996.

Gwaji na gaske shi ne lokacin da ɓarnar ta fito daga gida. A 2005 aka ware dala miliyan 223 domin gada daga garin Ketchikan zuwa tsibirin Gravina a Alaska, mai mazauna kusan 50, kuma 'yan Republican biyu, Ted Stevens da Don Young, su ne iyayen aikin. Sanata Tom Coburn, ɗan jam'iyyarsu, ya yaƙe shi, marubutan ɓangaren da dama suka mara masa baya. A Janairun 2006 Jack Abramoff, dillalin kamun ƙafa mai kusanci da jagororin jam'iyyar, ya amsa laifin zamba. Wannan fushi, haɗe da dala biliyan 700 na ceto bankuna a 2008 da biliyan 787 na farfaɗo da tattali a 2009, shi ya haifi gangamin Tea Party. Jam'iyyar Republican ta ƙara kujeru 63 a majalisar wakilai a 2010, aka dakatar da ayyukan mazaɓu a 2011. Nasara ce, amma ƙarama, domin ko a ganiyarsu ayyukan ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kasafi ba.

A ɓangaren zaɓe, buƙatar da aka fi nacewa ita ce a nuna katin shaida mai hoto kafin jefa ƙuri'a. Kotun Ƙoli ta amince da dokar jihar Indiana a kan haka a 2008, duk da cewa ba a gabatar mata da shaidar ko mutum ɗaya da ya taɓa yin sojan gona a rumfar zaɓe a jihar ba. Masu suka na cewa dokokin talakawa da baƙar fata suke takurawa. Masu goyon baya na cewa amanar jama'a ce ake karewa.

Zuwan Donald Trump ya raba gidan. A Janairun 2016 National Review ta fitar da bugu na musamman tana adawa da shi, masu zaɓen jam'iyyar ba su ko waiwaye ta ba. Ƙofar da Buckley ya tsare babu mai tsaronta kuma, domin masu sauraro ne yanzu ke juya mai magana. Bayan zaɓen 2020 zargin maguɗi ya mamaye rediyo da talabijin, alhali masu zargin sun yi asarar ƙararraki fiye da 60 a kotuna, kuma Antoni Janar na Trump, William Barr, ya ce ba a ga maguɗin da zai sauya sakamako ba. A Afrilun 2023 Fox ta amince ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 don a sasanta ƙarar ɓata suna, bayan takardun shari'a sun nuna wasu manyan masu gabatar da shirye-shiryenta ba su yarda da zargin ba a asirce. A ɓangaren kashe kuɗi kuwa, ayyukan mazaɓu sun dawo a 2021 da amincewar wakilan jam'iyyun biyu, bashin ƙasar kuma ya haura dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024.