Daga ƙwarya zuwa jarka: a me nononka yake kwana?

Mai sauraro, tun kafin mota ta san hanyar Maraɗi zuwa Katsina, a ƙwarya nono yake kwana, a ƙwarya yake zuwa kasuwa. Jikinta yana riƙe ɗan tsamin jiya, shi ke taimaka wa madarar yau ta kama. Abin da take bukata kawai, a wanke ta, a shanya a rana.

Zamanin Turawa sai ga langa da samira, suka cika ɗakunan amare. Ba laifi, muddin fentin bai ɓare ba. In ya ɓare, tsami ya samu ƙarfe, sai tsatsa. Bayansu tukwanen da maƙera ke zubawa da narkakken gwangwani da tarkacen inji suka bazu. A 2014 an gwada irinsu a Kamaru, aka samu gubar dalma a jikinsu, kuma abu mai tsami ya fi komai jawo ta cikin abinci.

Yau jarka ce sarauniya, bido in ji mutanen Nijar. Ba ta fashewa a kan babur, shi ya sa kowa ke sonta. Amma kai da ke bakin iyaka ka san abin da jarka take ɗauka kafin ta zo hannunka: fetur, wani sa'in ma maganin ƙwari. Roba tana shan waɗannan, ko ka wanke da omo sau goma ba sa fita duka. In za ka saya, nemi sabuwa ko wadda man girki kaɗai ta taɓa ɗauka, mai faɗin baki yadda hannu zai shiga ya wanke. Ka duba gindinta ko gefenta, ka nemi hoton kofi da cokali mai yatsu.