Bikin Artimis a Birnin Afisa

In mun karanta Ayyukan Manzanni sura 19, mukan ɗauka kishin addini ne kaɗai ya tunzura Dimitiriyas maƙerin azurfa. Bari mu duba tarihin birnin.

Afisa tana cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Haikalin Artimis mai ginshiƙai 127 yana cikin abubuwan al'ajabi bakwai na zamanin dā, har attajirai sukan kai kuɗinsu ajiya can. Kowace shekara, wajen Maris zuwa Afrilu, baƙi sukan cika birnin domin bikinta, ana jerin gwano da hadayu da wasanni, ciniki yana ta gudana. Wajen shekara ta 162 bayan haihuwar Almasihu, hukumar birnin ma ta keɓe watan gaba ɗaya domin gunkin.

To, wanda ya ba da gaskiya ya janye, ba sujada kaɗai ya bari ba. Ya bar naman da dangi ke ci tare. Iyalanmu a ƙauyukan Gbagyi kewaye da Abuja, waɗanda ake neman gudummawar bikin gargajiya a hannunsu, sun san nauyin wannan. Ya kuma taɓa hanyar abincin maƙera. Shi ya sa taron ya yi wajen sa'a biyu yana ihu a dandalin wasa, sai da magatakardan gari ya sallame su.