Allon Taɓawa na Wayar Salula: Yadda Yake Aiki da Abin da Ke Sa Shi Gardama

Allon taɓawa shi ne gilashin da ke fuskar wayar salula ta zamani, wanda ya maye gurbin maɓallai. Masu gyara a Maraɗi da Damagaram sukan kira shi taktil. Da shi kake rubuta saƙo, da shi kake amsa kira, da shi kuma kake danna lambar sirri a lokacin aika kuɗi. Saboda haka in ya samu matsala, wayar gaba ɗaya ta tsaya ko da sauran kayan cikinta lafiya lau suke. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne, da yawa daga cikin wayoyin da ake kai wa mai gyara a kan allo ya mutu, allon bai mutu ba.

Yadda allo ke jin yatsa

Allon taɓawa iri biyu ne. Na farko mai jin dannawa ne: leda biyu ne masu siriri, ɗaya bisa ɗaya, sai an danna su haɗu kafin na'ura ta gane wurin. Irin wannan ba ya zaɓen abin da ya taɓa shi, farce ko tsinke ko bakin alƙalami duk ɗaya ne. Shi ne a kan IBM Simon, wayar da aka fara sayarwa a Amurka a 1994, kuma har yanzu ana samunsa a wasu na'urorin asibiti da na masana'antu.

Na biyu, wanda ke kan kusan kowace waya da ke kasuwa a yau, ba ruwansa da ƙarfin dannawa. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna E. A. Johnson ne ya fara bayyana tsarinsa a 1965, amma bai yaɗu a wayoyi ba sai bayan fitowar iPhone a 2007. A ƙarƙashin gilashin akwai layuka masu ɗaukar lantarki, a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, sirara ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Jikin ɗan Adam yana da ruwa da gishiri, don haka lantarki na bi ta cikinsa. Da ka aza yatsa, sai ya janye ɗan kaɗan daga cajin da ke tsakanin layukan, wata ƙaramar na'ura kuma da ke duba allon fiye da sau 60 a kowace daƙiƙa ta lissafa inda aka samu canjin.

Riƙe wannan bayani da kyau, domin kusan duk gardamar allo daga nan take fitowa. Abin da ya hana lantarki isa ga yatsanka zai sa allo ya ƙi jinka. Abin da kuma ya kawo wa allon wani lantarki daban zai sa ya ji taɓawar da ba wanda ya yi.

Idan laifin daga hannu ne

A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da fata har ta tsage, za ka ga kana shafa allo sau biyu sau uku kafin ya amsa. Haka yake ga manomi da maƙeri da mai dakan hatsi, waɗanda kanta ta yi wa tafin hannu kauri, da kuma tsofaffi. Busasshiyar fata mai kauri ba ta wuce da lantarki yadda ya kamata. Ƙara dannawa da ƙarfi ba zai yi magani ba. Ka hura wa yatsan numfashi, ko ka shafa ɗan mai kaɗan ka murza har ya shige fata, ko ka gwada wani yatsa, ko gefen gaɓa inda fatar ta fi laushi. Akwai kuma alƙalamin allo mai bakin roba da ake sayarwa a shagunan kayan waya, wanda ya dace da ma'aikatan lafiya da masu ƙidaya da ke wuni suna cika tambayoyi a kan na'ura. Farce ba ya aiki, safar hannu mai kauri ma haka.

Ruwa kuwa akasin haka yake yi. Ɗigon ruwa ko zufa a kan gilashi yana kama da yatsa a wurin na'urar, shi ya sa in ka ɗauki waya da ɗanyen hannu bayan alwala, ko yayyafi ya sauka a kanta, sai ta riƙa buɗe abin da ba ka nema ba. Ka goge hannu, ka goge allo, a mafi yawan lokaci shi ke nan.

Allon da ke taɓa kansa

Wannan ita ce matsalar da ta fi tayar wa mutane hankali. Waya na ajiye, ba wanda ya kusance ta, amma haruffa na rubuta kansu, shafuka na buɗewa, wani lokaci har ta kira lambar wani. Ba aljannu ba ne, kuma da wuya ya kasance wani ne ya shiga wayarka daga nesa.

Tambaya ta farko da za ka yi wa kanka ita ce: yaushe abin yake faruwa? In a lokacin caji ne kawai, to caja ce ko wutar da take sha. Caja mai kyau tana tace wutar bango, mai ƙarfin bolt 220, ta mayar da ita ƙarama mai tsabta. Caja mai araha, wadda aka rage wa kayan tacewa don a sayar da ita da sauƙi, tana barin wata rawar lantarki ta bi igiya ta shiga waya, allon kuma ya ɗauki wannan rawa a matsayin yatsu. Abin yakan tsananta a wurin masu caji na kasuwa, inda wayoyi da yawa ke rataye a kan ƙaramin injin wuta guda, ko a kan na'urar juya wutar batirin hasken rana marar inganci. Gwajin ba shi da wuya: cire igiyar. In allon ya natsu nan take, ka gano mai laifi. Sai ka canza caja da igiya, ka gwada a wani wuri.

A nan akwai gargaɗi da bai kamata ka yi wasa da shi ba. Kada ka aika kuɗi ko ka rubuta lambar sirri alhali waya na kan caji kuma allonta na rawa. Sifili guda da ya shiga da kansa yana mayar da jika biyar jika hamsin, lamba guda da ta canza kuma tana kai kuɗin ga wanda ba ka sani ba, kuma dawo da su wahala ce babba. Haka nan in allo yana ta danna lambar buɗe waya ba daidai ba, wayar za ta kulle kanta na wani lokaci, wasu ma an saita su su goge duk abin da ke ciki bayan kuskure ya yi yawa.

In kuwa rawar tana nan ko ba caji, to duba gilashin kariya da aka liƙa a sama. Wanda ya tsage, ko ya ɗaga ta gefe har ƙura da danshi suka shiga ƙarƙashinsa, yana iya jawo hakan. Cire shi ka gani kafin ka kashe kuɗi.

Sannan ka aza wayar a kan tebur, ka dube ta ta gefe. Idan allon ya ɗago daga jikinta, ko bayanta ya yi tozo, batir ne ya kumbura yana tura gilashin daga ciki. Wannan ya wuce maganar allo. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta. Kada ka danne shi, kada ka huda shi, kada ka sake sa shi caji, kuma kada ka kwana da shi kusa da kai. A canza shi.

Zafi da rairayi

Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa ne don su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. A Yamai da Tawa kuwa, zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a gaban gilashin mota ko a aljihun mai kabu-kabu da tsakar rana. Waya in ta yi zafi tana rage gudun aikinta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga allon ya yi nauyi, ka taɓa yanzu ya amsa an jima. Zafin da ya daɗe kuma yana sassauta gam ɗin da ya riƙe allon. Ka kai ta inuwa, ka cire mata riga, ka bar ta ta huce a hankali. Kada ka sa ta a firiji, domin raɓa za ta taru a cikinta.

Game da ƙarzuwa, mutane sukan zargi makulli da kuɗin ƙarfe, alhali rairayi ya fi su ɓarna. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ƙwayar rairayi tana kan mataki na 7, gilashin waya kuwa yana fara ƙarzuwa daga wajen 6. Kenan in ƙurar hunturu ta kwanta a allo ka goge da bakin riga da ƙarfi, kai ne ke ƙarzar gilashinka. Ka fara hure ƙurar, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Kada ka kusanto da kananzir ko fetur ko garin sabulun wanki. Ƙurar nan ce kuma ke toshe ƙaramin idon da ke saman waya kusa da wurin sauraro, wanda aikinsa shi ne kashe allo in ka kara waya a kunne. In ya toshe, ko gilashin kariya ya rufe shi, sai allo ya ƙi haskakawa bayan kira, ko kuma kunci ya riƙa katse maka magana.

Abin da ba na gilashi ba ne

Sau da yawa yaro ya yi wasa da waya, sai ta fara magana da kanta, tana zana akwati a kan duk abin da ka taɓa amma ba ta buɗe shi. Ba ta lalace ba. An kunna TalkBack ne, tsarin da aka yi wa makafi a wayoyin Android. A cikinsa taɓawa ɗaya zaɓe ce, sai an taɓa sau biyu a jere abu ke buɗewa, jan shafi kuma da yatsu biyu ake yi. Da haka za ka isa wurin saiti ka kashe shi. A wayoyi da yawa, riƙe maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare na daƙiƙa 3 ya isa.

Waya da ma'ajiyarta ta cika da hotuna da bidiyon WhatsApp ma tana jinkirin amsawa, har ka zaci allo ne. Rage mata kaya, ka kashe ta ka kunna. In ta sandare gaba ɗaya, riƙe maɓallin kunnawa, a wasu tare da na rage sauti, na daƙiƙa 10 ko fiye.

Wani lokaci kuma aibin daga masana'anta yake. A 2018 Apple ya amince cewa allon wasu wayoyin iPhone X yana ƙin amsawa ko yana amsa taɓawar da ba a yi ba, ya kuma canza wa masu su kyauta. Don haka sabuwar waya in ta fara wannan hali ba tare da ta faɗi ba, ka koma da ita wurin mai sayarwa da takardar saye, kada ka bari wani ya buɗe ta tukuna.

Kafin ka je wurin mai gyara

Don gane ko wani yanki na allon ya mutu, ka kama alamar wata manhaja da yatsa, ka ja ta a hankali ko'ina cikin allon. Inda ta kuɓuce maka a kowane zagaye, nan layin ya yanke. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# a wurin kira yana buɗe shafin gwaji. Yankin da ya mutu bayan faɗuwa ba ya farfaɗowa da kansa, sai dai a canza, ko da yake wani lokaci igiyar allon ce kawai ta zame daga mazauninta a ciki, mai gyara na kirki kuma zai fara duba wannan.

Idan allon ya daina ji amma hoto na fitowa, bayananka ba su salwanta ba. Akwai ɗan mahaɗi da ake kira OTG, wanda ke ba ka damar sa wa yawancin wayoyin Android linzamin kwamfuta, ka buɗe ta, ka kwashe lambobi da hotuna. Yi wannan tun kafin ka miƙa ta, ka kuma cire katin SIM da katin ajiya.

Ka tambayi mai gyara ko gilashin taɓawa da allon hoto a rabe suke a irin wayarka. A wasu masu sauƙin kuɗi a rabe suke, ana iya canza na sama kaɗai. A mafi yawan na yanzu an manne su wuri guda. Ka nemi ya gaya maka ko na asali zai sa ko kwaikwayo, domin na kwaikwayo ya fi araha amma yakan yi duhu a rana kuma ya fi saurin rawa a kan caji. Ya gwada sabon allon a gabanka tun bai sa gam ba: kusurwoyi huɗu, layin haruffa na ƙasa, da kira guda ɗaya don a ga ko allon na mutuwa a kunne. Ku kuma yi magana a kan kwana nawa zai karɓe ta in matsalar ta dawo, ya rubuta maka a takarda.